Kogin da Ba Ya Duban Gabas

Assalamu alaikum, Sagir, abokina,

Na san babu jirgin kayan da ke tashi daga filin jirgin sama na Baiyun da zai kai maka wannan takarda, amma da wa zan yi maganar in ba kai ba?

Ɗakinmu yana nan yadda ka bar shi, har tukunyar shinkafar nan da ba ka taɓa wankewa ba sai na yi maka tsiya. Ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng 'yan kasuwar Kano suna ta yi mini ta'aziyya kamar ni ne ɗan'uwanka. Ban musa ba.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Tun da aka yi maka sutura mahaifiyarka ta ƙi yarda da abin da aka gaya mata. Ta ce ɗan Wudil, wanda ya koyi iyo kafin ya koyi karatu, wane kogi ne zai ci shi da kaka, bayan damina ta ɗauke? Gani take akwai abin da muke ɓoyewa. Ta daina cin abinci sosai, ƙanwarka kullum sai ta kira ni tana kuka.

Ta yaya zan fahimtar da ita kogin Nandu? Tsibirin Hainan, inda kogin yake, duwatsu ne a tsakiya, can ruwa ke sauka, ya gangaro arewa ya faɗa teku. Lokacin da ake girbi a gida, su nan daminarsu ba ta ƙare ba. Ranar da muka je ɗibar ruwan gwaji na makaranta, ka ɗaga kai ka dubi gabas kamar yadda kowannenmu ya taso yana yi. Ka ga babu hadari, ka tsallaka kan tudun yashin tsakiya don ka yi la'asar. Ni ma gabas na duba, Sagir. Ashe tun safe ake sheƙa ruwa a kan duwatsun kudu, inda idonmu bai kai ba. Sai ga ruwan ya sauko lokaci guda, ya shafe yashin, ya tafi da kai.

Makon jiya na koma wurin. Na kira Inna ta bidiyo, na juya mata wayar. Rana tsaka, sama tas, ga ruwa ja yana tafe da itatuwan kwakwa da saiwoyinsu. Na nuna mata inda duwatsun suke, na nuna mata inda yashin yake a da. Sannan ta yi mini tambaya ɗaya tak: ko ka idar da sallar?

Ka idar, ai da idona na ga ka yi sallama. Na gaya mata haka, ta yi hamdala, na ji tana cewa ƙanwarka ta zubo mata tuwo.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, don na san dariya za ka yi mini: ba don kai ba da tun shekarar farko na tattara na koma gida. Ina kewarka ƙwarai, har tsokanar taka. Kuma har yau in zan fita, sai na tsinci kaina ina duban gabas.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa can ta fi nan. Sai na zo.

Naka,
Auwalu, wanda ya tsaya a gaɓa