Bindigar da Idrisa Ya Haɗa

Asabar da dare, Hadayek el-Maadi, Alƙahira

Na gaji, amma raina fari. Yau na kai Amira kulob ɗinmu na harbin nesa. Tun rasuwar babanta, abokina Idrisa, take neman ko abu ɗaya da ya yi da hannunsa, don shagonsa na Khartum ya ƙone ƙurmus. Bindigogin gasa yake haɗawa, kuma bai taɓa buga sunansa a jikinsu ba.

Wani likita ɗan Masar a kulob ɗin ya sayi wata tsohuwar bindiga bai san maƙerinta ba, ya yarda mu duba. In na yi kuskure, ƙarya zan ba yarinyar nan ta riƙe har abada.

Na shafa ƙotar. Bututun ƙarfen ya zauna cikin katakon daram. Zanen mariƙin ya karkata hagu, ga Idrisa bahago ne. Duk da haka ban yarda ba sai da na ja kunamar babu harsashi. Ta saki a tsabtace, ba ja-in-ja, yadda yake gyara tawa.

Amira, mai kirana Ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu, kada ka faɗa don ka faranta mini."

Na ce, "Wallahi aikinsa ne, 'yata."

Likitan ya ce, "Khalas, shi ke nan, duk Asabar ta zo ta ɗauka."

Ba ta iya harbi ba. Ta ɗora kuncinta a inda babanta ya fafe katakon, ta daɗe ba ta ɗago ba.