Aikin da ya tafi Manila

Baban Halima,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma yau sai na faɗa.

"Kamfanin nan ba zai taɓa yar da ni ba, Rabi, ki kwantar da hankalinki." Haka ka ce mini. Shekara goma sha huɗu kana shirya musu takardun kaya a unguwar da ake kira Jamaica, a nan ƙasar waje da muke zaune, kusa da filin jirgi. Da suka ce ka koya wa wani mutum a Indiya aikin ta kwamfuta, ka ɗauka girma aka ba ka. Ka zama malam. Har abin da bai tambaya ba ka koya masa, wai ilimi ba a ɓoye shi. Ranar da ya iya, suka karɓe katinka na shiga ofis.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba: na sani. Wata huɗu kana saka riga mai guga kana fita da safe kamar za ka aiki, don kada mutanen masallaci su ji an sallame ka. Na gan ka da idona a ɗakin karatu wajen unguwar Fordham, kana zaune da jarida. Na juya, don kada in kunyata ka. Inshorar lafiya ta tafi tare da aikin, ka daina shan maganin hawan jini, ni kuma ina ta rufa maka asiri. Wane irin rufin asiri ne wannan? Da na yi maka tsawa ran nan, da yanzu kana nan?

Halima ta shiga jami'a. Hajiya, mahaifiyarka, a Kano har yau ta ɗauka a bakin aiki ka faɗi.

Yanzu abin ya zo kaina. Asibitin da nake buga wa bayanan likitoci zai mai da aikin birnin Manila, can wata ƙasa mai nisa. Na karanta abin da masana ke cewa, wai ƙasa gaba ɗaya ce ke cin riba. To, a wane gida ƙasar take, in je in karɓi rabona? Matar Manila da suka ce in koya wa aikin ba ta yi mini komai ba, ita ma 'ya'ya take ciyarwa. Wa zan zaga?

Sun ba ni zuwa Juma'a in sa hannu cewa zan koya mata, in ba haka ba babu kuɗin sallama. Zan sa. Zan koya mata. Daga nan in nemi aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wanka da canza zanin gado dai ba a yin su ta waya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe mini shiruna.

Matarka da ba ta huce ba,
Rabi