Ƙazafin da Na Yi wa Kuku

Zuwa ga mai katin aro mai lamba ɗari da sha huɗu,

Bayan gaisuwa, ana sanar da kai cewa littattafai ukun da aka dawo da su da sunanka ranar Litinin, na barkwanci da na tarihi da na binciken kisa, an same su da rubutun jan biro a gefen shafuka. Doka ta tara ta ce duk wanda ya ɓata littafi a karɓe katinsa. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama. Kana iya aiko da bayani a rubuce.

Shugabar Laburare

Yaya, ni na kawo dokar nan da kaina, kuma watan jiya na karɓe katin maƙwabciyata a kanta. Ya kake so in yi da kai? Ya ƙafar?

*

Zuwa ga Shugabar Laburare, ƙanwata, wadda na goya tana majina, yau take kira na da lamba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dokokinki goma sha biyu. Ƙafa ta yi sauƙi, an kwance ɗauri, ina dogarawa da sanda.

Laifi na amsa shi. Amma ki tuna shekara talatin da ɗaya na yi a maɗaba'a ina duba rubutu kafin a buga. Hannuna bai san karatu babu biro ba. A cikin laburarenku kunyar idonki ke riƙe shi. A kan gadon jinya kuwa babu mai tsawata masa.

Jan biro, kai ka ciyar da ni da iyalina,
Yau ga ka kana shirin raba ni da katina.

Ki duba na barkwancin, labarin tsohon telan nan da ya tashi koyon tuƙi yana da shekara sittin. Layukan da kika gani sun karkace ba zane ba ne, dariya ce ta girgiza hannuna. A wurin da ya gaishe da ɗan sanda da hannu bibbiyu ya saki sitiyari, sai da antinki ta rugo daga kicin, ludayi a hannu, ta zaci ƙashin ne ya sake gocewa.

Na tarihi kuwa, wato labarin garin da ambaliya ta cinye aka sake gina shi, faɗa muka yi da marubucin. Ya ba gwamna babi huɗu, magina layi uku. Na rubuta masa a gefe cewa ban taɓa ganin gwamnan da ya kwaɓa ƙasa ba. Amma inda ya kawo sunayen matan da suka kwashe yara a kwale-kwale, can ban sa ko ɗigo ba. Tabon da ke wurin ba na biro ba ne.

Katin nan shekararsa ashirin da shida a aljihuna. Teburin da ke jikin taga, mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ni na naɗe takardar da aka tokare shi da ita. Idan aka kore ni, ina zan kai safiyata?

Wata alfarma kuma. Auta ce ta kwashe littattafan ranar da na tafi asibiti, ganin wa'adinsu ya cika, alhali saura mini shafi talatin a na binciken. Ki taimaka ki gaya mini: kukun ne ya kashe mai otal ɗin, ko ba haka ba?

Ki huta lafiya.
Yayanki, mai duba rubutu mai ritaya

*

Yaya,

Na ji daɗi ƙafa ta yi sauƙi. A gaida Anti da Auta.

Bayaninka ya yi tsawo, kuma ka tsallake babban laifin. A shafi na sittin da ɗaya ka rubuta da manyan baƙaƙe: "KUKUN NE. NA GAMA." Har ka ja layi biyu a ƙasa. Wa zai karanta littafin bincike bayan an sanar da shi mai laifi?

Ga abin da ya fi muni. Sabuwar ma'aikaciyarmu ba ta buɗe littafin ba, sai ta mayar da shi kan kantar littattafai, kuma wanda ya are shi washegari shi ne shugaban kwamiti, tsohon alƙalin nan da ba ya dariya. Ya kira ni a waya ya ce, "Wane ne mai jan biron nan?" Na ce yayana ne. Ya ce, "To." Ya kashe.

Ƙarshen labari kuwa, ba ma bayar da shi ta wasiƙa.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata abar alfaharina,

Aminci ya tabbata a gare ki. Wannan "To" ta alƙali ta fi mini karayar ƙafa zafi. Tun da na karanta ta shayi ya daina yi mini daɗi.

Kada ki roƙa mini kowa. Wadda ta karɓe katin maƙwabciyarta ba za ta kau da kai ga yayanta ba, kuma ba zan so a nuna ki da baki saboda ni ba. Idan hukunci ya faɗo, zan kawo katin da hannuna, in shafa teburina, in fita a hankali kamar yadda sanda ta yarda.

Sai dai ki shaida wa mai girma alƙali cewa ban yi zargi a banza ba. Kukun ya ce yana yanka albasa lokacin da aka ji ƙara, amma da ɗan sanda ya shigo idon kukun a bushe yake. Shekara ashirin da takwas ina kallon antinki da albasa, ban taɓa ganin ta tashi ba hawaye ba. Direban ba shi da wayon kisa, likitan kuma ya cika fara'a. Wa ya rage?

Shafi talatin ke tsakanina da gaskiya,
Alƙali ya tafi da su, ke kina ta dariya.

Antinki ta ɓoye duk wani biro da ke gidan nan. Da fensirin girarta na rubuto miki wannan, ki yi haƙuri da kaurin baƙaƙen.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki mai jiran hukunci

*

Yaya,

Kwamiti ya zauna. Alƙali ya shigo da littafin a hammata. Ya ce ya karanta shi cikin fushi har ƙarshe, yana jiran a kama kuku, sai ga abin ya juye. Ya ce bai taɓa jin daɗin littafin bincike irin wannan ba, don ka ɓatar da shi tun daga shafi na sittin da ɗaya. Na ga haƙoransa yau, karo na farko.

Amma ya ce ƙazafi ƙazafi ne. Ga hukunci: ranar Asabar ka zo ka zauna a teburinka, ka karanta shafi talatin ɗin a gabana. Sannan ka ba kuku haƙuri a rubuce, a ƙarƙashin zarginka, da biron da ka zarge shi. Daga nan biro ya shiga durowata, kati ya koma aljihunka. Maƙwabciyata ma an yi mata irin wannan sassaucin, ni na roƙa.

Alƙali ya ce haƙurin kada ya wuce baiti biyu. Na gaya masa ba ka iyawa.

Ka karɓo biron wurin Anti. Kuma a'a, ba zan gaya maka ko wane ne ba.

Ƙanwarka,
Shugabar Laburare