Ni Na Ɗaure Birkin Kekenka

Zuwa ga Malamina, hasken tsakar gidana, dabinon da na jingina da shi shekara arba'in da ɗaya, tsohon angona mai farin gemu da baƙin taurin kai!

Gaisuwa mai sanyi irin ta ruwan tulu da azahar. Ina fata Tayyiba tana kula min da kai a can Omdurman, tana rage maka sukari a shayi yadda na koya mata. Yau kwana shida da ka tafi gidan 'yarka, wai za ka huta. Kwana shida! Unguwarmu Mayo duk ta yi min faɗi. Gadonka na igiya yana nan a rumfa kamar maraya, ni kuwa in dafa gahawar jabana in zuba a finjali biyu, sai in tuna ba ka nan, in shanye duka don kada maƙwabta su gani.

Ya sanyin idona, na ɗauki alƙalami ne saboda a waya ba zan iya ba. Ka san halina, ko laifi na yi sai in naɗe shi cikin tatsuniya har mai fushi ya manta ya fashe da dariya. Yau ba tatsuniya na kawo maka ba.

Ka tuna lokacin da likita ya ce sukari ya hau jininka, ka riƙa motsa jiki? Sauran tsofaffi sai su zaga masallaci sau biyu su dawo su kwanta. Kai kuwa ka je ka shiga ƙungiyar wasan nan mai hawa uku, wanda harshena ya ƙi sunansa: a yi iyo a kogi, a fito a hau keke, a sauka a ruga da gudu alhali ba kare ne ya biyo mutum ba! Na yi maka tsiya son raina. Na gaya wa jikoki kakansu kada ne da asuba, ɗan aike da hantsi, ɓarawon akuya da rana. Amma ranar da ka kai ni bakin ruwan Tuti ka ba ni agogo in riƙe maka, ka fito daga kogin gemu na ɗiga, kana haki kana dariya kamar zalɓen da ya kama kifinsa na farko, wallahi zuciyata ta yi irin tsallen da ta yi ranar da aka kawo ni ɗakinka. Na ce ka yi kama da jiƙaƙƙen zakara. Ƙarya na yi, Malam. Kyau ka yi, har na ji kunyar yaran da ke wurin.

Sai ga Talatar nan da ka dawo gwiwar hannu a ɗaye, jini ya bushe a riga. Ka ce wata motar hafila ce ta matse ka a hawan gada, kana faɗa kana dariya, kana kwaikwayon yadda kwandastan ya zaro ido. Ni ban yi dariya ba. Na roƙe ka ka bar keken ka riƙe iyo da gudun, ka ce gasa ta kusa, ba a yin hawa biyu a bar ɗaya.

To, ka manta 'yar wa ka aura? Da gyaran keke babana ya ciyar da mu, tun ban iya ɗaura zani ba nake miƙa masa sifana. Washegari da ka tafi sallar la'asar, na tsuguna gaban kekenka na murɗa notin birkin baya, zagaye ɗaya da rabi, yadda robar za ta riƙa lasar ƙarfen ƙafar a hankali. Kai malamin makaranta ne, ka san nahawu, ba ka san noti ba, kunnenka na hagu kuma ya riga ka yin ritaya. Nufina ka gaji tun kafin gada ka juyo gida. Allah ne shaidata, iyakar nufina ke nan.

Ba ka juyo ba. Kaico, ina ma ka juyo! Sati uku kana taka shi kamar mai jan raƙumin da ya gurfana. Ka sauka ƙafafu sun mutu, gudun da za ka yi bayan keken ya koma tafiyar mai ciwon baya. Samarin ƙungiya da kake wucewa kana yi musu gwalo suka koma jiranka a kwana, suna ce maka ka bi a sannu, Baba. Ɗan littafin da kake rubuta mintocinka, wanda ka saba tura min a hanci kullum, ka daina nuna min. Ranar ƙarshe na gan ka zaune a bakin gado kana latsa cinyarka kamar mai zaɓen kankana, kana faɗa wa kanka ashe haka tsufa yake zuwa, rana ɗaya, ba sallama. Ina tsaye da faranti a hannu. Kalma ɗaya zan faɗa komai ya warware. Me ya rufe min baki, ni da ba a taɓa rufe wa baki ba? Kunya, e. Tsoron fushinka, e. Amma akwai na uku, shi ne yake cin raina: daɗi na ji. Na ce yanzu zai zauna kusa da ni.

Jiya Hamuda dillali ya zo da saƙonka, wai a ba shi keken ya kai kasuwar Suk al-Shabi ya sayar, kuma ka ce 'yan ƙungiya su cire sunanka daga gasar Juma'a ta sama. Fatarka na so in tsare, sai na kashe abin da yake tayar da kai da asuba kana waƙa. Mutumin da ya tafi Omdurman wani tsoho ne mai shiru, ban san shi ba, kuma da hannuna na ƙera shi.

Ba tsufa ba ne, ya ruwan saman farkon damina. Hansatunka ce.

Na kwance notin, na ɗiga wa sarƙa mai, na ɗaga ƙafar na juya ta, ta yi ta gudu har na gama wanke hannu. Na hana Hamuda zuwa kasuwa, shi zai kawo maka keken da takardar nan. Ya tambaye ni dalili, na ce ba duk labari ne na dillali ba.

Ba zan yi maka alkawarin daina tsoro ba, don za ka san ƙarya ce. Duk fitar da za ka yi zan riƙe carbi har in ji ƙarar ƙofa. Alkawarina shi ne hannuna ba zai sake taɓa abin hawanka a ɓoye ba, tsorona kuma a fuskarka zan riƙa faɗar sa, ka ji ko ka ƙi ji.

Ka hau shi, Malam. Sau ɗaya kawai, kafin ka yanke wa ƙafafunka hukunci. In ka ji sun dawo, ka kira mutanenka su mayar da sunanka tun yau. Sannan ka yi fushi da ni iya son ranka, na cancanta, amma ka zo nan ka yi shi. Daga Omdurman zuwa Mayo tafiya ce mai tsawo, ta ishe ka ka shirya duk faɗan da za ka yi min, ni kuma zan tsaya in ji shi har ƙarshe ban sa maka baki ba. Wannan kaɗai ya kamata ya sa ka taho ka gani.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a kafaɗa,

Hansatu