Koriyar Fitilar Ƙofarmu

Yaya Su'ad,

Gaisuwa daga Arizona. Ya ƙafarki, ya Mama? Mu lafiya lau. Mijina Ramzi ma lafiya, mantuwarsa ce ta ɗan ƙaru. Gidajen unguwarmu duk kamarsu ɗaya, sau biyu yana ɓata bayan magariba. Da na sa koriyar fitila a ƙofa, bai sake ɓata ba.

Jiya Darlene, shugabar ƙungiyar masu gidaje, ta zo, wai doka farar fitila kaɗai ta yarda.

Na ce, "To cire ta da hannunki, amma kullum ke za ki nemo min mijina."

Ranar Talata za su zauna a kaina. Su zauna! Ba zan kashe ta ba.

Ki yi mana addu'a. Kada Mama ta ji.

Ƙanwarki,
Nawal