A Mayar Mini da Rabin Muhawarata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ɗalibanmu na Hayyus Sabi'i, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, da tambayar iyali da karatu, ni ne Nuhu, ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen Lugga, mazaunin hawa na biyar a gidan da liftarsa ta riga mu gidan gaskiya tun kafin zuwana. Na zaɓi in rubuto a bainar jama'a domin a bainar jama'a aka tauye ni, kuma da sa hannunka, Allah ya gafarta Malam.

Na farko, tunatarwa. Muna da majalisar muhawara kowace Alhamis bayan la'asar a kan rufin gidanmu, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Ka san ƙa'idarta, don ka sha shayi a wurin. Ana jefa ƙuri'a, mutum ya kare ɓangaren da ya faɗo masa ko da zuciyarsa tana ƙinsa. Mako mai zuwa a yi musanya, kowa ya koma ɓangaren abokin karawarsa. Ba a ɗora wa mutum ra'ayi sai an kammala zagaye biyun.

Na biyu, asalin musibar. Mustafa ɗan Damagaram ya zo mana da tsofaffin muhawarorin Amurka a kwamfutarsa, na zamanin da baƙar fata ke neman a daidaita su da kowa. Hotuna ne marasa launi, sautin yana ƙara kamar ana suyar ƙosai. Dattawa cikin kwat suna jayayya gaban ɗalibai: baƙin mutum ya nemi haƙƙinsa yanzu, ko ya jira ƙasa ta shirya? Zancen ya taɓa kowa a rufin, domin babu ɗayanmu da ba a taɓa bi da kiran launinsa a titi ba, ko mai gidan haya ya ce an riga an kama ɗakin da zarar ya ga fuskarsa. Muka ɗauki mas'alar. Ƙuri'a ta ba Mustafa "yanzu", ta ba ni "jira".

Ranka ya daɗe, na kare jira da balagar harshen da ban san Allah ya ajiye mini ba. Na kawo ladubban baƙunci, na kawo falalar haƙuri, na yi ƙasa da murya a inda ya dace. Har mai dafa mana shayi ya manta da buta a kan wuta. Na sauko ina taƙama, da niyyar in rushe ginin nan da hannuna Alhamis mai zuwa.

Na uku, Alhamis ɗin ba ta zo ba. Gari ya rikice, aka sa dokar hana fita, kwamitinka ya dakatar da kowane taro na ɗan lokaci. Ban ga laifinka a lokacin ba, kowa yana tsoron a kwashe shi. Amma an ɗage dokar tuntuni. Kallon ƙwallo ya dawo, walimar sauka ta dawo, har rigimar wa zai wanke tukunya ta dawo da ƙarfinta. Muhawara kaɗai aka bari a kabari. Da na same ka bayan Juma'a, ka ce mu baƙi ne, zancen launi yana iya ɓata wa masu masauki rai. Da na matsa, sai ka dafa kafaɗata ka ce, "Ai kai da bakinka ka ce a jira, Ustazu." Aka yi dariya, har da ni, don ban ga mafita ba.

Tun daga ranar sunana Shehin Haƙuri. Sababbin ɗalibai, waɗanda ba su taɓa taka rufin ba, da shi suka san ni. Kwanan baya wasu samarin gari suka tsokani ɗaya daga cikin sababbin a maikrobas, ƙaramar motar haya, ya dawo idonsa ja, ya nufo ɗakina domin an gaya masa ni ne mai fatawar a yi shiru. Na buɗe baki da dukan luggata, abin da ya fito shi ne "ma'alish", wato a yi haƙuri. Na shaida a garin nan akwai waɗanda suka ciyar da ni a Ramadan kamar ɗan cikinsu. Ba gaba nake nema da kowa ba. Wuri nake nema inda yaro zai faɗi abin da aka yi masa, a saurare shi har ya kai aya.

Na huɗu, lokaci. Waɗanda suka ji ni a ranar sun watse. Wani yana koyarwa a Gusau, wani ya yi aure ya daina amsa saƙo. Nakan hau rufin da yamma in tarar da tantabarun maƙwabta suna kewaya, kiran salla yana tashi daga masallatai ɗaya bayan ɗaya, inda muke shimfiɗa tabarma kuma an jibge karyayyun kujeru. Mustafa kaɗai ya rage, ya gama jarrabawa, yana ɗaure littattafai a kwali. Idan ya hau jirgi, babu sauran mai shaida cewa ƙuri'a ce ta sa ni, ba zuciyata ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi da ƙanƙan da kai: a buɗe rufin Alhamis ɗaya tak kafin tafiyarsa. A gayyaci sababbin ɗalibai su zauna a gaba. Mustafa ya ɗauki "jira", kamar yadda ƙa'ida ta wajabta masa, mu ga yadda za ta zauna a bakinsa. Kai kuma ka zo ka yi alƙalanci. Idan hukuncinka ya faɗa kaina, na karɓa, muddin an bar ni na faɗi ɗaya rabin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka sauka daga kujerar nan ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba, musamman nawa. Mustafa ya ce in sanar da kai saura kwali ɗaya ya rufe.

Wassalam, daga ɗalibinka da ke tsaye a ƙasan matakala,

Nuhu, hawa na biyar.