Haihuwar da Ba a Sa wa Hannu Ba

Ruwaida Misbahu,
Ɗalibar Shekara ta Uku,
Gidan Malam Misbahu mai makaranta,
Unguwar Yalwawa, Dutse.

Litinin, 8 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Tudun Alheri,
Dutse.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘIN KARƁAR LITTAFIN AIKINA DA CIRE SUNANA DAGA JERIN MASU JARRABAWAR ƘARSHE

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, da fatan Yallaɓai da iyalinsa suna cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta wa wani babba ƙorafi ba. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na rubuta. Ukun farko mahaifina ya karanta, ya ce ba su yi kama da maganar 'yar malamai ba, na yaga su.

Kamar yadda Yallaɓai ya fi ni sani, shafi na 9 na Littafin Ƙa'idojin Ɗalibai ya ce babu ɗalibar da za ta zauna jarrabawar ƙarshe sai ta miƙa littafin aikinta, kuma duk aikin da ta yi wa majinyaci sai nas mai rajista, wadda ta gani da idonta, ta sa masa hannu ta buga hatimi. Za a rufe jerin sunaye ranar Juma'a, 19 ga wannan wata. Sunana ba ya ciki. Ga yadda aka yi:

1. Ranar Litinin, 7 ga Yuli, Kwaleji ta tura ni ƙaramin asibitin Kafin Barau, can cikin ƙasar Buji, domin aikin koyo na mako takwas. Takardar turawar, mai ɗauke da hatimin ofishinka, ta ce zan yi aiki a ƙarƙashin Sista Adama. Da na isa sai na tarar Sista Adama ta yi ritaya tun 30 ga Yuni, ta koma Ringim wajen 'ya'yanta. Ba a kawo kowa a madadinta ba, wai an dakatar da ɗaukar ma'aikata sai abin da hali ya yi. Na dai tarar da kujerarta, da ƙusar da take rataye mayafinta. Mako takwas na yi a ƙarƙashin kujerar nan, ranka ya daɗe, kuma in faɗi gaskiya ba ta taɓa yi min faɗa ba.

2. Ranar Laraba, 9 ga Yuli, na buga wa Malam Sharhabilu, jami'in jarrabawa na wannan Kwaleji, na shaida masa halin da nake ciki. Ya ce in kwantar da hankalina, mako mai zuwa za a turo nas. Na sake bugawa ranar 16, da 23, da 30 ga wata, kullum amsar ita ce mako mai zuwa. Daga baya na daina damunsa, don na lura da kaina cewa hanyar garin ba ta da kyau da damina. Wataƙila makon yana can ya maƙale a laka. Waɗanda suka rage a asibitin su ne wani ma'aikacin lafiya da ke zagaya garuruwa uku a kan babur, yana leƙo mu Litinin da Juma'a, wanda shafi na 9 bai yarda da sa hannunsa ba, sai kuma Dada, wata tsohuwar ungozoma Bafillatana da ba ta cikin takardar kowa, amma ita ta yanke cibiyar rabin garin, har da ta mai gari.

3. Ina so Yallaɓai ya sani cewa na yi iya ƙoƙarina in bi doka. A makon farko duk wanda ya zo sai in gaya masa ni ɗaliba ce, ba ni da izinin taɓa shi. Amma mutanen Kafin Barau ba su karanta shafi na 9 ba. Farin kaya suka gani. Wani dattijo da ya sare ƙafarsa da fartanya a gona ya saurari bayanina har ƙarshe cikin natsuwa, jini yana bin siminti, sannan ya tambaye ni ko ƙa'idar ta faɗi wanda zai goge ɗakin idan ya mutu a ciki. Na wanke masa ciwon na ɗaure. Daga ranar ban ƙara karanta wa kowa ƙa'ida ba. Na duba zafin jikin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, na ba da abin da ma'aikacin nan ya rubuta ya bari, na sa ƙarin ruwa sau biyu, wanda ba zan iya ba na sa a nemo mota a kai shi Dutse. Duk na rubuta su a littafin, da kwanan wata, da ƙarfe nawa, da tsaftataccen rubutu. Gurbin sa hannu ne kawai ya zauna fari fat.

4. Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar, ana tsakiyar ruwa, aka kawo wata mata mai suna Safina a kan amalanke tana naƙuda, haihuwar fari. Ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga ba ta fita. Daga ni sai Dada, sai safar hannu guda biyu da na zo da su daga gida. Yarinyar ta fito cibiya a naɗe a wuyanta, jikinta shuɗi, ba ta yi kuka ba. Na zare cibiyar, na share mata baki da hanci, na goge ta, na yi ta murza bayanta kamar yadda aka koya mana a shekara ta biyu, ina ƙirga a bayyane kamar mai hadda, Dada tana ce min in daina lissafi in yi aiki. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. A littafin na rubuta minti ɗaya, amma ba zan rantse ba. Ta dai yi kukan. Yallaɓai ya gafarce ni, wannan sakin layin na so in gyara shi ya yi kama da na ofis, ya ƙi.

Ranar 21 ga Agusta aka yi suna. Ruwaida suka sa mata. Na ce musu ba a yin haka da ɗaliba, ba su saurare ni ba.

5. A nan ne na yi kuskuren da zan amsa da bakina. Ranar da zan baro garin, Dada ta ga ina ta kallon littafin, ta tambaye ni wannan layin da babu komai na mene ne. Na ce na wanda ya gani da idonsa ne. Ta ce to ai ita ta gani, kuma da idon da ya riga na sistata buɗewa. Ta aika makarantar allon garin aka kawo tawada, ta dangwala babban yatsanta a kan duk aikin da aka yi a gabanta, wuri talatin da ɗaya. Inda ba ta nan ta ƙi dangwalawa, ta ce ita ba ta shaidar zur. Ya kamata in hana ta. Amma a gidanmu ba a riƙe hannun tsohuwa, kuma a raina na ɗauka shaida shaida ce.

6. Ranar Talata, 2 ga Satumba, na miƙa littafin ga Malam Sharhabilu. Ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya tambaye ni a gaban 'yan ajinmu ko littafin aiki na kawo ko takardun ƙuri'ar mazaɓar Kafin Barau. Aka yi dariya, ni ma na ɗan taya su don kunya. Bayan nan ya yi min bayani dalla-dalla, kuma ina gode masa, don ban taɓa fahimtar dokokin Kwaleji kamar ranar ba. Idan na ce ban yi aikin ba, littafina babu komai, ba ni da jarrabawa bisa shafi na 9. Idan na ce na yi, to na taɓa majinyaci ba tare da mai sa ido ba, hukuncinsa kora bisa shafi na 14. Sai ya sassauta murya, ya ce saboda mutuncin mahaifina zai ba ni sabon littafi, in manta da wancan, in je ɗakin gwaji Talata biyu a jere in yi duk ayyukan a jikin Hajiya Talatu, malamai su sa min hannu, shi ke nan. Ya kuma ja kunnena kada in kuskura in rubuta zancen Kafin Barau a takarda.

7. Ko da Yallaɓai bai san sunan da ɗalibai suka sa mata ba, Hajiya Talatu ita ce mutum-mutumin robar nan da ke kwance a ɗakin gwaji, wadda aka ce ranar Talata aka sauke ta daga mota. Ba ni da wata magana a kanta sai alheri. Mace ce mai haƙuri. Damtsenta ya sha allura har ya zama rariya, ba ta taɓa cewa wash ba. A ɗan lissafin da na yi, tun shigarmu ta haifi jaririn robar nan guda ɗaya fiye da sau ɗari shida, ba ta taɓa zubar da jini ba, ba a taɓa gayyatarmu suna ba. Gadonta yana da katifa, ɗakinta yana da fanka, ruwa ba ya cinye hanyar zuwa wajenta. Kuma duk cikin matan da na sani, ita kaɗai ce ba ta taɓa naƙuda babu nas mai rajista a kanta ba. Wani lokacin ma su biyu ne, ɗaya tana riƙe da hatimi. Ina taya ta murna. Abin da ya ɗaure min kai, duk da na sake karanta Littafin Ƙa'idoji daga bango zuwa bango, shi ne yadda haihuwarta take shiga littafi, ta Safina kuwa ba ta faru ba.

8. Yallaɓai zai iya cewa shekara ɗaya ba komai ba ce, in jira baɗi. Mahaifina shekara uku ya ba ni, bayan ya sha surutun 'yan'uwansa a kan 'yar malam za ta je tana taɓa jikin mutane. Ya ce uku, kuma shi ba ya magana biyu. Ba faɗa yake yi ba. Har ya sa an share min gefen zaure inda zan riƙa biya wa 'yan mata karatu, yana cewa can aƙalla idan yarinya ta iya ana ji da kunne. Ƙanwata Munira kuma, wadda tun tana firamare take ɗaura farin ɗankwali tana yi wa kajin gidanmu allura da tsinke, ta gama sakandare bana, kullum sai ta tambaye ni ko ta cike fom ɗin shiga wannan Kwaleji. Cikin yayyenmu da suka gama bara, waɗanda na sani, ɗaya tana sayar da turaren wuta ta waya, ɗaya tana yi wa awakin kawunta allura, biyu suna haddar Larabcin asibiti suna jiran a kira su ƙasar waje. Dukkansu littafinsu cike yake da hatimi. Kujerar Sista Adama kuma tana nan babu kowa. Na yi ta juya wannan lissafin, mu da yawa babu wurin zama, kujera kuma babu mai zama, bai fita ba. Wataƙila darasin shekara ta huɗu ne.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) Ya tura nas mai rajista Kafin Barau kafin ranar 19 ga wata, ta duba ƙafar dattijon nan, ta duba Safina da 'yarta, ta tambayi Dada, sannan ta sa hannu ko ta ƙi bisa abin da ta gani. Idan ta ga dama ta ɗan zauna a kujerar ta huta, mutanen garin ba za su hana ta ba.

(b) Idan hakan ya yi wuya, a jarraba ni a gaban duk malamar da aka zaɓa, a jikin mutum mai numfashi.

(c) Kada a ƙara tura wata ɗaliba ƙarƙashin wanda ya yi ritaya, ko an tura, a rubuta mata a takarda abin da za ta yi idan aka kawo mai naƙuda ana ruwa.

(d) A ba ni amsar da zan kai wa Munira, ko da layi ɗaya ne.

Gobe Talata. Ina neman a isar wa Malam Sharhabilu godiyata, da uzurina ga Hajiya Talatu, ba zan samu zuwa haihuwarta ba. Sabon littafin yana cikin wannan ambulan, ban rubuta komai a ciki ba. Tsohon yana hannuna, da yatsun Dada talatin da ɗaya. Na san abin da shafi na 14 ya ce, na kuma san wannan takardar ita ce wadda aka ce kada in rubuta. Amma ba zan iya cewa yarinyar da ke ɗauke da sunana ba a haife ta ba. Ayyukan nan ni na yi su, babu mai sa ido a kaina sai Allah da Dada. Tunda shaidar wanda ya gani ake nema, ni ma na gani, ga nawa sa hannun a ƙasa.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da girma, ya sa ya gama lafiya, ya kuma sa a samu mai zama a kujerarsa bayansa.

Ɗalibarka mai biyayya,

Ruwaida Misbahu